Uwaisu Mai Rediyo da Fis Tara na Alhaji Umara

Rumfar Malam Uwaisu ita ce ta huɗu a layin masu gyara na kasuwar Zakirai, tawa ce ta biyar. Ni iri da maganin feshi nake sayarwa, shi kuwa rediyo yake gyarawa, shekara talatin da ɗaya ke nan a kan benci guda. Da damina yana noma gona biyu, ɗaya gero da wake, ɗaya gyaɗa, sai bayan azahar yake isowa rumfa da ƙasa a ƙafarsa. Shekararsa hamsin da takwas. 'Ya'yansa shida da matarsa Maijidda, babu ko ɗaya da ya ɗauki sana'ar.

Kunne ne ya yi masa suna. Ba ya fara buɗe rediyo. Zai ce ka kunna, ya sunkuyar da kai kamar minti ɗaya, sannan ya gaya maka abin da ya mutu a ciki. Na taɓa ƙirgawa har wata guda saboda gardamar da muka yi da wani mai shayi: a rediyo arba'in da bakwai, ya faɗi daidai a arba'in da uku tun kafin ya taɓa sukundireba. Har daga Kunci ake kawo masa amfilifayar masallaci. Kuma bai taɓa naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fis ba, kamar yadda ake yi a rumfuna da yawa. Fis shi ne ɗan gilashin nan mai siririyar waya a ciki, aikinsa ya ƙone kafin na'ura ta ƙone idan wuta ta yi yawa. Uwaisu yakan ce mai gadi ne kawai, ba ruwansa da daɗin murya.

Sana'ar dai ta daɗe tana ja da baya, wayar hannu ta cinye rediyo. A da yakan karɓi ashirin ranar kasuwa. Lokacin da abin da zan ba da labari ya fara, tara yake samu, yawanci na tsofaffi da limamai, kuma kunnen nan ne kaɗai yake kawo su.

Alhaji Umara tsohon ɗan kasuwar hatsi ne a wani ƙauye kilomita bakwai daga Zakirai, kakanninsa daga Borno suka zo. Aminin mahaifin Uwaisu ne, kuma shi ya kai Uwaisu Ɗambatta koyon gyara. Har ya yi furfura, Uwaisu bai daina tsugunawa in zai gaishe shi ba. Ɗan Alhaji, Kamaruddeen, da ke aiki a ƙasar waje, ya aiko masa da kayan sauti irin na masu hali: amfilifaya mai nauyin rabin buhun siminti, da sifika biyu, kowace ta kai min ƙirji. Aka kafa sola shida a rufin ɗaki saboda su. Kullum da hantsi Alhaji yana zama tsakiyarsu ya saurari ƙira'a, wani lokaci kiɗan ganga da algaita na garin kakanninsa. Kamaruddeen ya gargaɗe shi kada ya taɓa komai sai makunni, ya kuma haɗo da wani ɗan akwati mai fis goma sha biyu, bakinsu ruwan zinare. Ya ce masana sauti a can sun tabbatar irin wannan fis yana wanke murya ta fito tas.

Wata biyar da kafa kayan, Alhaji ya aiko a kira Uwaisu. Ni na kai shi a babur ɗina.

"Injiniya!" Alhaji ya faɗa da ƙarfi, kamar muna tsallaken gona. "Abin nan ya fara magana ƙasa-ƙasa. Kamaru ya ce a sa masa sabon fis. Ga su can."

Uwaisu ya ce a kunna. Ya sunkuyar da kai. Ni dai a rayuwata ban taɓa jin sauti mai kyau haka ba, har jan numfashin mai karatu kana ji. Minti ɗaya ya wuce, ya shiga na biyu.

"Baba, ai lafiyarsa ƙalau," in ji shi a hankali.

Alhaji bai ko juyo ba. Yana kallon sifika yana jira.

A bakin ƙofa Hajiya Kaltum, matar Alhaji, tana tsaye. Uwaisu ya dube ta. Ta taɓa kunnenta da yatsa, ta girgiza kai, ta sauke labule.

Ya zare wuta, ya cire fis mai lafiya, ya sa na zinare. A gaban amfilifayar akwai wani maɓalli na ƙara murya, da ɗigo talatin kewaye da shi. A na takwas yake. Da Uwaisu zai miƙe, ya goga hannunsa a kai, ya koma na goma.

"Ka ji ko!" Alhaji ya buga cinyarsa. "Ka ji yadda ya washe? Yaron nan bai yi ƙarya ba. Allah ya yi maka albarka, Injiniya!"

A hanya na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, ai ba fis ba ne."

"Na sani."

"To ka gaya masa mana. Magana ce ta minti biyu. A kai shi asibiti, shi ke nan."

"Abdulkabir, kai za ka iya duban babanka ka ce masa ya kurmance?"

Gaskiya ba zan iya ba. A wajenmu kana iya ce wa dattijo ƙafarsa ta kumbura, ko ya rage goro. Amma kurumta abar tsokana ce, yara ma sun san haka. Mutum goma sha ɗaya ne a gidan Alhaji, duk sun sani, kowa ya ɗaga murya ya yi kamar haka yake magana tun asali.

Cikin wata goma sha huɗu muka je sau tara. Zuwa da dawowa, kilomita ɗari da ashirin da shida. Kowane zuwa Uwaisu ya cire fis da ba abin da ya same shi, ya sa wani, ya tura maɓalli ɗigo ɗaya ko biyu, Alhaji ya sa masa albarka, Hajiya ta aiko da fura. Daga ɗigo na sha shida maƙwabta suka fara bin ƙira'ar daga tsakar gidansu. Daga na ashirin, masu shuka a gonakin bayan gari suka san lokacin da Alhaji ya karya kumallo. Hajiya ta kwashe kayanta ta koma ɗakin can ƙurya.

Abin da ya fi cin ran Uwaisu, labarin fis ɗin ya bazu. Mutum goma sha uku na ƙirga da suka zo rumfa neman a sa wa rediyonsu na zinare irin na Alhaji. Duk ya sallame su. Wani ma har ya ce rowa ce, wai don shi ba mai kuɗi ba ne.

"Shekara talatin ban yi wa kowa gyaran ƙarya ba," ya ce min wata rana, yana juya gwangwanin da yake tara fis ɗin da ya cire. "Yanzu ga shi na yi bakwai. Kuma kowanne da albarka a kai. Albarkar ce ta fi min nauyi."

Ni na matsa masa ya kira Kamaruddeen. Muka kira, minti goma sha tara a waya. Ƙarshenta ya ce, "Wallahi Malam ni ba zan iya ba, ku da kuke kusa da shi ku san dabara." Muka koma wajen Hajiya. Ta ce, "Ni? Shekara hamsin da biyu ban taɓa kiran sunansa ba, yau zan kira shi kurma? Ku dai maza ku ji da shi."

A zuwa na tara maɓalli ya kai ashirin da biyar. Kwanukan da ke kan kabad suka kama rawa. Uwaisu ya ɗora tafinsa a jikin sifikar hagu, ya daɗe bai cire ba. Da muka fito ya ce, "Ɗigo biyu suka rage ta ƙone. Ina jin ta tana kuka."

Kira na goma ya zo bayan an gama roron wake. Na tayar da babur, sai na ga Uwaisu ya fito hannu rabbana.

"Jakar fa?"

"Mu tafi kawai."

Muka tarar da Alhaji a falo da baƙi huɗu, taga a buɗe, ga kuma masu zaman dakali a waje, su shida. Uwaisu ya tsuguna. Matsalar ita ce, duk abin da za ka gaya wa Alhaji sai ka ɗaga murya yadda rabin unguwa za su ji. Ya dubi tagar, ya dube ni. Sannan ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"Baba, yau ba zan iya aikin nan ba! Kunnena ya yi nauyi! Na daɗe ina ɓoyewa! An ce akwai likitar kunne a Kano, amma ina jin tsoron zuwa ni kaɗai!"

Hirar dakali ta tsaya cak.

"Kai?" in ji Alhaji. "Yaro ƙarami da kai? Shi ya sa! Ni ma na ce gyaran kwanan nan ba ya daɗewa. Tsoron me? Ubanka ma haka yake da allura. Jibi ka shirya, ni da kaina zan kai ka."

A hanya na ce, "Malam, ka san abin da ka yi kuwa? Mutum goma ne suka ji, ban da mu. Mai gyaran rediyo ya ce ba ya ji!"

"Na ƙirga su kafin kai," in ji shi. "Duba hanya."

Ban bi su Kano ba, shi ya ba ni labari. Ya ce da ya shiga, sai ya yi wa likitar bayani cikin ƙaramar murya, Alhaji na zaune a gefensa bai ji komai ba. Ta gane. Ta gwada Uwaisu, sannan ta ce da Alhaji tunda ya sha hanya, bari a gwada nasa don a kwatanta. Bayan mako uku aka ba Alhaji 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. Ya yarda ya sa ne saboda, a cewarsa, kada Uwaisu ya ji kunyar neman tasa.

Ranar da ya dawo da ita, ya danna makunni kamar kullum. Hajiya ta ce sai da ya zabura daga kujera.

"Innalillahi! Wa ya ƙure abin nan haka? Za ku kashe ni?" Ya dubi maɓallin. "Allah sarki, Uwaisu ne. Ashe saboda kunnensa yake ta ƙarawa, ni kuma ina haƙuri."

Aka mayar da maɓalli ɗigo na tara. Fis uku suka rage a akwati, ba a sake taɓa su ba. Alhaji kuwa duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda ya kai yaronsa asibiti, ya roƙi a riƙa yi masa uzuri.

Na ci gaba da ƙirga abin da ake kawowa rumfa ta huɗu ranar kasuwa. Tara ta koma shida. Bayan wata biyu, huɗu. Amfilifayar Kunci aka wuce da ita Ɗambatta. Maijidda ta fara soya ƙosai a ƙofar gida. Na ce bari in bi layi in gaya wa mutane gaskiya, ba zai ɗauke ni awa ɗaya ba.

"Kada ka soma," in ji Uwaisu. "Magana za ta koma masa. Yanzu fa yana ji."

Wata goma sha ɗaya Alhaji ya yi yana sauraron ƙira'arsa a ɗigo na tara, sannan Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki na fara ba da labarin. Mutum talatin da huɗu na gaya wa baki da baki. Biyar suka yarda. Sauran suka ce ai da kunnensu suka ji, ko wanda ya ji ya gaya musu, mutum ya faɗa da bakinsa. A cikin biyar ɗin ma, uku sun riga sun ba jikoki rediyonsu suna wasa da su.

Kasuwar da ta wuce, har la'asar rediyo biyu aka kawo. Mai ta biyun wani dattijo ne daga wajen Gabasawa. Ya ajiye ta a benci, ya sunkuyo dab da kunnen Uwaisu, ya kwatsa murya har mai tumatir ta waiwayo.

"Malam! Ta ƙi magana! Za ka iya kuwa, ko in kai gaba?"

Uwaisu ya runtse ido don zafin ƙarar. Ya goge kunnen da bakin rigarsa.

"Kunna ta, Baba," in ji shi a hankali. "Ka ɗan matsa baya, numfashinka yana hana ni jin ta."