Waken da Ake Kira Rabe-Ya-Ci

Rabe taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da ikon yin fushi. Tun muna yara nake morar wannan dama. Na tsokane shi da gajarta, na tsokane shi da rowa, na tsokane shi da muryar nan tasa da ta fi jikinsa girma. Magana ɗaya ce ban taɓa yi masa wasa da ita ba, ita ce maganar wake, don ni kaina in na tuna ta sai kunya ta kama ni kamar ni abin ya faru a kaina.

Ƙauyenmu yana cikin karkarar Guci, kuma rabinmu noma, rabinmu kiwo, yawancinmu duka biyun. Rabe ya gaji gona da ƴan shanu daga ubansa Dikko, amma babban gadonsa wake ne. Dikko ya kwashe shekaru yana tsince kwanson da ya fi kyau yana warewa, har ya fitar da wani wake fari, ƙanana, mai jan hanci, mai yawan harawa, wanda ba ya daɗewa a wuta. A wajenmu iri yana ɗaukar sunan wanda ya fito da shi. To wannan Ɗan Dikko ake ce masa, tun daga Guci har Sassumbrum. Dikko ya rasu da daɗewa, amma duk ranar kasuwa sai an kira sunansa a bakin tiya, kuma Rabe yana jin daɗin hakan fiye da yadda yake jin daɗin nasa sunan.

Kowace kaka Rabe yakan cika tulu da irin, ya gauraya da toka, ya liƙe bakin da laka, ya ajiye a ɗakin matarsa Fadi. Duk wanda ya zo roƙon iri kafin shuka sai ya ɗiba masa, don ba a hana iri a garinmu, ko marowaci irin Rabe bai isa ba. Akwai kuma abin da ya fi hana iri muni, shi ne cin sa. Manomi yana iya sayar da sa, yana iya jinginar da gona, mutane su ce ƙaddara ce. Amma wanda ya fasa tulun iri ya zuba a tukunya, ana yi masa kallon wanda ya kasa riƙe gidansa.

Ana nan sai wani furoje, wato shirin taimakon manoma, ya shigo yankinmu, da wata malamar gona mai suna Salima, yarinya mai ladabi da saurin magana. Ta tara mu a gindin gawo ta ce sun zo koya mana noman biyo. Muka ce wa za mu biyo? Ta yi dariya ta ce kalmar Faransanci ce, ma'anarta noma ba takin zamani, ba maganin feshi, sai kashin shanu da ruwan ganyen dogon yaro. Da ta tambaya ko akwai wanda bai taɓa sa takin zamani a gonarsa ba, hannun Rabe ne kaɗai ya tashi. Mu mun san dalili: mutumin da ba ya iya sayen goro ina zai sayi taki? Amma daga ranar rowar Rabe ta koma ilimi. Aka kafa masa allo a bakin gona, aka ba shi hula mai rubutu, aka fara zuwa da baƙi suna shafa wakensa.

A lokacin gardama ta yi zafi a rediyo kan wani abu da ake kira ojiyem, wato irin da aka ce masana sun taɓa halittarsa tun a ɗakin bincike, har tsutsa ta daina cinsa. Wasu suna cewa bakunan duniya sun yi yawa, in ba da irin wannan ba yunwa za ta gama da talaka. Wasu suna cewa tarko ne, manomi zai koma bawan mai sayar da iri, kuma ba wanda ya san abin da zai yi wa ƙasa da cikin mutum nan gaba. Ana kuma ta cewa irin wannan wake ya riga ya shiga kasuwannin ƙetaren iyaka. Mu a majalisa kowa ya zama masani. Maƙwabcin gonar Rabe, Tijjani, wanda ke feshi duk lokacin da ya samu hali, yakan ce shi duk abin da zai cika rumbu ya yarda da shi, tunda tsutsa ba ta sauraron rediyo.

Sai aka kai Rabe gidan rediyo a Magariya. Duk ƙauyen muka kewaye akwatin muna jin muryarsa ta cika shi. Ya ce, "Ni Rabe ɗan Dikko, gara in kwana da yunwa da in sa irin da ban san ubansa ba a gonar ubana." Muka tafa masa. Shi kuma da ya dawo ya yi mako bai cire hular ba.

Damina ta gaba ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fidda kai. Waken da muka sa rai da shi kuma tsutsa ta sauka masa yana fure. Rabe ya daka ganyen dogon yaro har tafin hannunsa ya yi kanta, ya haɗa da barkono, ya haɗa da sabulu, tsutsa ta ci abinta ta ƙoshi. Da ƙyar ya tsinci abin da ya cika tulun iri. Ga iyaka a rufe a shekarar, hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Shanunsa suka riƙa tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace a rame, kowace a wulaƙance. Kafin bazara ta yi nisa rumbunsa ya koma wurin kwanan kaji.

A cikin wannan hali ƴarsa ta zo gida wankan jego, da jariri a hannu, nono kuma ya fara ƙafewa. Wata rana da tsakar rana Fadi ta same shi a zaure ta durƙusa.

"Malam, yarinyar nan tun jiya ruwan kanwa ne a cikinta. A fasa tulun."

Rabe ya miƙe. Ya ɗauki gatari ya fita kamar mai zuwa saran itace. Fadi ta shekara talatin da wani abu a gidansa, ta san ma'anar wannan fitar. Da ya dawo da la'asar ƙamshin wake ya tarye shi tun daga ƙofa. Aka ajiye masa kwanonsa, ya zauna ya ci. Daga baya ya gaya mini cewa abin da ya fi damunsa shi ne daɗin da waken ya yi masa, har ya suɗe hannu. Tulun ya riƙe gidan ƴan makonni, mai jego ta samu nono, jariri ya yi kumari.

Da hadari ya fara haɗuwa, Rabe ya sayar da ɗan maraƙin da ya rage, ya hau kabu-kabu ta hanyar daji ya ƙetara kasuwar Maigatari, ba wanda ya gaya wa. Ya zaga har ya samu wani farin wake da ya ɗan yi kama da nasa, ya auna. Bai tambayi mai waken sunan irin ba, don yana tsoron abin da za a ce masa. Ya dawo ya zuba a tulu, ya gauraya da toka, ya liƙe da laka. Masu roƙon iri kuwa ya ce musu bana abin bai kai a raba ba, suka yi masa uzuri.

Da waken ya lalace, da asirinsa ya rufu. Sai ya ƙi lalacewa. Ya yi fure, ya yi kwanso reras, tsutsa ta yi ɓarna a gonar Tijjani da ke jikin tasa, ta bar ta Rabe kusan ba tabo. Tijjani ya tsaya a kan iyakar gona ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Rabe, bana Ɗan Dikkon naka ya canza hali." Rabe ya ce ikon Allah ne. Salima kuwa murna kamar ta yi rawa. Ta zo da manyanta, aka yi ta ɗaukar hoto, ana cewa ga shaida ruwan dogon yaro yana aiki. Alhali a shekarar Rabe ko ganye ɗaya bai daka ba, don ba shi da ƙarfin jiki balle kuɗin sabulu. Ban taɓa ganin mutum yana ramewa da kaka ba sai shi. Kowa na yi masa barka, shi yana sunkuyar da kai kamar wanda ake yi wa ta'aziyya.

Bayan girbi furoje ya shirya bajekolin iri a Magariya. Aka ce za a karɓi Ɗan Dikko a ajiye shi a ma'ajiyar iri da sunan Dikko, a kuma raba shi ƙauyuka a matsayin irin gida tsantsa. Na raka shi. Aka kira sunansa, aka miƙa masa abin magana, ga buhunsa a gaba, ga jama'a cike da rumfa. Muryar nan da ke cika rediyo da ƙyar ta fito.

"Jama'a, wannan ba Ɗan Dikko ba ne. Ɗan Dikko na cinye shi da bazara, ni da iyalina. Wannan a Maigatari na auno shi, ban kuma san ubansa ba. In za ku raba, ku raba, amma kada a sa sunan mahaifina a kai."

Ni da nake zaune a baya na rasa inda zan sa idona. Wani ya yi dariya, aka harare shi. Salima ta bi mu waje, idonta ya cika da ƙwalla, ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baba Rabe, me ya hana ka gaya mini kuna cikin yunwa?"

"Ƴata, da wane bakin? Da wanda na yi magana a rediyo?"

Na tambaye ta ko waken ojiyem ne. Ta ce ba a ganewa da ido, sai an kai shi Yamai an gwada, kuma yana iya zama wani ingantaccen iri ne kawai. Ta ɗibi kaɗan ta tafi da shi, har yau ba mu ji sakamako ba. Amma gardama ba ta jira sakamako ba. Masu son ojiyem suka ce ga shi nan, ko shugaban masu ƙinsa shi ya cece shi. Masu ƙinsa suka ce ga shi nan, haka yake shigowa ta bayan gida ya kore irin kakanni. Kowa ya yanki Rabe ya yi miya da shi.

A ƙauye kuwa, tun kafin a cire allon gonarsa mutane suka fara sallama a ƙofarsa da ƙorai. Tijjani ne na farko. Rabe ya auna wa kowa, kansa a ƙasa. Tunda iri ba ya zama ba suna, kuma ba wanda ya san sunan wannan, sai aka sa masa na abin da aka sani: Rabe-ya-ci. Ban san bakin wa ya fara faɗa ba, amma kafin shekara ta zagayo ya kama ko'ina.

Abin da ya riƙe Rabe a tsaye shi ne tunanin cewa Ɗan Dikko bai mutu ba. Shekara da shekaru yana raba shi, dole akwai wanda ya ajiye. Ya fara da garinmu, kowa ya ce masa tsutsa ta cinye nasa. Ya bi kasuwar Guci, ya bi ta Dungas, yana damƙar wake yana duba hanci. Ranar kasuwar Sassumbrum na ɗauke shi a bayan babur muka tafi tare, don can ne Dikko ya fi raba iri da ransa.

A layin masu wake muka tsaya gaban wata mata mai suna Zalika, wadda aka ce duk irin da ke yankin ta san shi. Ba ta san Rabe ba.

"Baiwar Allah, ko kina da Ɗan Dikko?"

"Ai Baba, wannan ya zama labari. Ga dai Rabe-ya-ci, shi ake yayi, tsutsa ba ta damunsa."

Na ji kamar in ja shi mu tafi. Shi kuwa ya durƙusa ya damƙi waken, ya ce, "Wane irin suna ne wannan?"

"Wai wani dattijo ne a wajen Guci, ya gama cika baki a rediyo, yunwa ta zo ya cinye irin ubansa."

"Lalle bai kyauta ba," in ji Rabe.

Zalika ta gyara ɗankwali, ta ɗan waiwaya, sannan ta rage murya.

"Baba, tsakaninmu, wa bai ci ba a waccan shekarar? Mu ma tulu guda gare mu na Ɗan Dikkon, tun na surukina, mun fasa. Duk layin nan ka tambaye su, tsutsa za su ce maka, amma tukunya ce. Shi dai wancan bawan Allah shi ya tashi ya faɗa a gaban mutane, shi ya sa sunan ya bi shi."

Rabe ya buɗe hannunsa a hankali waken ya zube cikin tari.

"To in kowa ya ci," ya ce, "wa ya rage da shi?"

"Ba kowa, Baba. A auna maka nawa?"