Ba a Hana Ba

Shekarun baya, wani abokina ya kira ni gidansa a Upper Marlboro, nan Amurka, ya ce bindigarsa yake so ya ba ni. Na ce abokina, amma ya girme ni nesa ba kusa ba. Tsohon soja ne daga Filato, ya yi aikin gadi a ƙasar nan har ya ajiye. Ni kuwa malamin Turanci ne, irin wanda in balan-balan ta fashe a aji sai ya dafe ƙirji kafin ya tsawata wa yara. Shi ya ja ni filin koyon harbi, ya matsa min har na yi kwas na karɓi lasisi. Lasisin ya zauna a walat ɗina tsakanin katin laburare da na asibiti, kuma cikin su ukun shi kaɗai ne bai taɓa yin aikin komai ba.

Na same shi a falo tare da matarsa, ma'aikaciyar jinya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya shiga magana.

"Ticha, likita ya ce kaina ya fara yoyo. Ciwon mantuwa. Yau na san ka, wata rana zan tambaye ka ɗan gidan wa kake. Wanda ba ya gane fuska bai kamata ya kwana da makami ba."

Na fara irin maganar da aka saba, ta Allah ya kawo sauƙi, likitoci ma sukan yi kuskure. Ya ɗaga min hannu.

"Ba jaje na kira ka ba. Za ka karɓa ko ba za ka karɓa ba?"

"Oga Saje, ni da nake rufe ido in zan harba?"

"Shi ya sa. Mai tsoronta ake ba wa."

A jihar nan ba a miƙa ƙaramar bindiga hannu da hannu kamar aron fartanya, ko da ku biyun kuna da lasisi. Sai kun je shagon da aka ba izini, a cike takardu, a tura ofishin da ke tantancewa. Bisa ƙa'ida mako guda ake jira. In amsa ta zo ku koma tare, mai ita ya sa hannu ya miƙa. Kafin nan tana wurin mai ita. Muka je muka cike, na dawo ina lissafin Asabar mai zuwa. Ashe mun faɗa lokacin da jama'a suka yi wa shagunan bindiga ca, takardu suka taru a ofis. Mako ya zama wata, watan ma ya haihu.

Matarsa ta ce a bar bindigar a shago kafin amsa ta zo. Ya ce ba ya ajiye amana wurin wanda bai san gidan ubansa ba. Ni kuma, da dabarata ta mai ilimi, na ce ai sai in sa ta a but ɗin mota in wuce gidana a Silver Spring, wa zai sani? Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne ke kama 'ya'yan mutane da satar amsa, ko ba kai ba ne?"

Abin da ya yi shi ne, ya kwashe harsasai ya mayar filin harbi, ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe, ya damƙa wa matarsa makulli a gabana. Ya ce mata, "Ko na roƙa, ko na rantse, ko na yi kuka, kada ki ba ni." Ta ɗaura shi a zare ta rataya a wuya, cikin riga.

Da ta rako ni bakin mota na ce ai tunda babu harsashi hankali ya kwanta. Ta ce, "Malam, baƙin mutum a ƙofar gida da bindiga a hannu, wa zai tsaya tambayar ko da harsashi?" Ta kuma gaya min abin da ban yi tunani ba: in hankalinsa ya tafi kafin amsar ta zo, sa hannunsa ba zai karɓu ba. Magana ta koma ta lauya da kotu, kuma abin da ya so ya miƙa da kansa, ƙwace shi za a yi.

Daga nan na ɗaura ɗamarar kiran ofis. Duk hutun tsakar rana ina ɗakin malamai da waya a kunne. Na fito da kalmomin da na adana tun jami'a ban samu inda zan kashe su ba. Wata murya mai ladabi takan saurare ni har in kai aya, sannan ta ce takardarmu tana kan layi. Ban taɓa ganin inda Turanci ya tashi a banza kamar nan ba.

Ana cikin haka, wata rana da la'asar mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Abokina ya leƙa ta taga, ya ga abin da ni da ku ba za mu gani ba. Ya juya ga matarsa da muryar fareti, ya ce ta kawo makulli, an zagaye su. Ta ce a'a. Ya roƙa, ya rantse, ya yi duk abin da ya ce zai yi. Ta tsaya da hannu a ƙirji tana cewa a'a har mutumin ya ajiye kwalinsa ya tafi. Da hankalinsa ya dawo ta ba shi labari. Ya miƙe, ya haɗa ƙafa, ya sara mata.

Washegari na je ina ta faɗa, ina zagin jira da wanda ya ƙirƙiro shi. Ranar yana garau, yana ɓare gyaɗa.

"Ticha, me ka sani game da jira? Tambayi matar nan tawa. Ubanta dattijon coci ne, ya ce ba zai ba soja 'yarsa ba. Duk hutun da na samu a gonarsa na ƙare shi. Damina biyu ina masa noma, ko sannu. Da iyayena suka gaji suka je suka tsare shi, ka san abin da ya ce? Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ce, 'To, ban hana ba.' Shi ke nan. Da wannan aka ɗaura aure."

Matarsa ta ce daga kicin, "Ai Baba bai taɓa cewa i ba a rayuwarsa. Ko tuwo ka miƙa masa sai ya ce bai ƙi ba."

Amsa ta zo wata Talata ina tsakiyar gyaran jarrabawa. Na buɗe saƙon ina neman kalmar amincewa, ban gan ta ba. Kalma biyu ce kawai: not disapproved, wato ba a ƙi amincewa ba. Na karanta na sake karantawa. Korewa biyu a jere, abin da da ɗalibina ne ya rubuta sai jan biro ya yi aiki. Na kira mai shago, ya ce haka suke rubutawa, ma'anarta mu zo, kuma kada mu yi sanya domin amsar tana da wa'adi.

Ranar da muka tafi ba ta cikin ranakunsa masu kyau. Tun a mota yake ce min direba, yana tambaya ko an biya ni. A shago matarsa ta ciro makulli daga wuya ta buɗe akwatin. Kafin kowa ya motsa, hannunsa ya riga mu. Ya juya bakin bindigar ƙasa, ya zare gidan harsashi, ya ja, ya leƙa, ya sa yatsa ya tabbatar, ya ajiye ta a buɗe. Mutumin da bai san wace rana ce ba, hannunsa bai manta ko ɗaya ba. Mai shago, wani dattijon Bature mai yawan surutu, ya turo takarda. Sai ya nuna masa inda zai sa hannu, ya nuna ni.

Abokina ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan wane ne?"

Matarsa ta ce, "Ticha ne, Maigida. Abokinka."

"Ban san shi ba. Ba na ba baƙo makami."

Ƙa'idar da ta kawo mu ita ce ta tare mana hanya, kuma ba ni da bakin cewa ya yi kuskure. Mai shago ya ce a hankali, shi ba zai karɓi sa hannun wanda bai san abin da yake sa wa hannu ba, mu gwada wata rana. Na ga matarsa ta fara mayar da zaren wuyanta.

Sai abokina ya daka min tambaya irin ta bariki. "Kai, wa ya ba da oda? An yarda daga sama?"

Da wani ne sai ya ce i, a wuce wurin. Amma malamin nahawu ko a gaban alƙali sai ya gyara jimla. Na ce, "Gaskiya, Oga, ba su ce sun yarda ba. Cewa suka yi ba a hana ba."

Ya juya a hankali ya kalli matarsa. Dariyar daga kafaɗa ta fara.

"Ashe tsohon naki ya samu aiki a Amurka."

Ta toshe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ya waiwayo gare ni, kuma wallahi na ga lokacin da ya dawo cikin idonsa, kamar an kunna fitila a ɗakin da aka daɗe da rufewa.

"Ticha, ka rame. Ɗan wannan jiran ne ya ramar da kai?"

Sannan ya fuskanci mai shago, cikin Turancin da ba ni da abin gyarawa a ciki, ya faɗi ko shi wane ne, ciwon da ke damunsa, da dalilin da ya sa yake so abin nan ya bar gidansa yau. Mai shago ya yi masa tambayoyi, ya amsa su tsaf. Ya sa hannu. Ya ɗauki bindigar ya miƙo min ta wajen mariƙi.

"Duba da kanka. Ko ni na ba ka, duba."

Na duba.

Na karanta littattafai da yawa a kan jarumta, galibinsu labarin waɗanda suka ɗauki makami ne. Ban taɓa karanta na wanda ya hango kansa yana zama haɗari, ya kafa wa kansa tsaro tun yana da hankalin yi, ya naɗa matarsa kwamanda a kansa ba. Kuma na kasa daina mamakin yadda duk Turancin da na zuba a waya bai motsa ko takarda ɗaya ba, amma kalma biyu da na raina suka je har inda likita ya ce an rufe, suka ƙwanƙwasa, aka buɗe. Bindigar tana nan a kulle, ban taɓa sa mata harsashi ba. Jan birona kuma ya rage zafi a kan korewa biyu.

Daga baya an kai shi gidan kula da tsofaffi, inda ya ƙarasa kwanakinsa. Nakan je duk Lahadi bayan coci. Bai ƙara kirana Ticha ba. Nakan tsaya a bakin ƙofa in gaishe shi, in ce, "Oga Saje, in shigo in zauna?"

Sai ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ce, "Ban hana ba."