Addu'ar Gari a Makiyayar Royce

Duk wanda aka haifa, ko ya yi aure, ko ya mutu a garinmu Otter Creek cikin shekara ashirin da takwas ɗin nan, sunansa ya bi ta hannun Velma Tackett, magatakardar gari. Shagona na abinci yana kallon tagar ofishinta, saboda haka ganau ce ni, ba jiyau ba.

'Yar manomin taba ce daga tuddan Kentucky, auta cikin su biyar, yanzu ita da babban wansu Royce suka rage. Gajeruwa, ga murya, ga tsiwa. Ba ta yi aure ba. In an tsokane ta sai ta ce, "Na rubuta takardun auren garin nan kaf, na kuma ga yadda rabinsu suka ƙare. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

Ranar da take ji da ita a shekara ita ce Alhamis ta farko a watan Mayu, wadda gwamnati ta ware don yi wa ƙasa addu'a. Magajin gari ya sa hannu a sanarwa, Velma ta jera kujeru a ƙofar ofis, fastoci su hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Kowa minti uku. Tana zuwa da ɗan agogon da take dafa ƙwai da shi, da zarar ya kaɗa, ko kana tsakiyar roƙon ruwan sama ne sai ka ce amin ka sauka.

Royce kuwa bai taɓa leƙowa ba, kuma abin yana ci wa Velma rai ba kaɗan ba. Ba rashin ibada ba ne, dattijo ne a cocin ƙauyensu. Cewa yake kakanninsu 'yan ɗariƙar Baftis kurkuku suka sha a hannun cocin gwamnati, shi ba zai je hukuma ta ɗaga masa hannu sama ba.

Shekarar da Velma za ta ajiye aiki, saura mako biyu a yi taron, sai ga magajin gari Duane Hollis ya faɗo shagona da takarda a hannu, ya same ta tana karyawa.

"An soke," in ji shi. "Lauya ya rubuto, wai tsarin mulki ya hana gari shirya ibada. In mun yi, sai kotu. Da zan san munafukin da ya kai mu ƙara!"

Velma ta ajiye cokali. Ko kofinta ba ta ƙarasa ba, ta ja tsohuwar motarta sai gonar Royce. Ni ma na bi ta, don na san za a yi ta.

"Yaya, kai ne?"

"Ni ne," in ji Royce, yana zuba wa shanu ciyawa.

"Haba Yaya! Ta ƙarshe ce fa! Shekara ashirin da bakwai ka haƙura, ɗaya ce ta gagare ka?"

"Auta, bana Duane da kansa ya rubuta addu'ar, ya buga mata hatimin gari, ya ce ita kowane fasto zai karanta. Mai sayar da taraktoci ne zai koya mini magana da Ubangijina? Ni ban hana kowa addu'a ba. Cewa na yi gwamnati ta cire hannunta."

"To in ta cire, a ina za a yi? A kaina?"

Tsohon ya waiwaya ya dubi makiyayarsa. "Ga fili nan. Shanu ba su da lauya."

Na ɗauka za ta kwaɗa masa bokiti. Sai na ga tana auna filin da ido.

Ai fa ranar na san wace ce Velma! Ta rubuta wa kanta takardar hutun yini ɗaya, ta kai aka sa hannu. Ba ta taɓa wayar ofis ba, ko fallen takarda ba ta ɗauka ba. A shagona ta zauna tana kiran mutane. Kujeru ta aro daga masu shirya jana'iza, lasifika daga mai gwanjon shanu, da kujerun suka gaza aka jera damman ciyawa.

Ran Alhamis hanyar gonar ta cika maƙil. Waɗanda ba su taɓa zuwa matakalar ofis ba suka zo, har da Likita Qureshi, wani Musulmi a garinmu, da iyalinsa, shi da ke cewa a da bai san ko da shi aka gayyata ba. Mata suka kawo soyayyar kaza da burodin masara. Can sai ga Duane cikin kwat, da takardarsa mai hatimi. Velma ta tare shi a bakin shinge.

"Ranka ya daɗe, magajin gari ba shi da wuri a nan. Amma in Duane ne, ɗan Inna Opal, wanda na sani tun yana satar mana kankana, to ya shigo ya bi layi."

Aka tuntsire da dariya. Duane ya yi ja har kunne, ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Da layi ya zo kansa sai ya rasa abin faɗa, ya roƙa wa mahaifiyarsa sauƙin ciwon ƙafa. Wallahi ban taɓa jin addu'arsa ta shige ni kamar ta ranar ba.

An kusa tashi, sai Royce ya fito daga bayan taro, ya cire hula. Ko lasifikar bai karɓa ba.

"Ubangiji, ga ƙanwata. Ta yi wa garin nan hidima, ni kuma na bar ta ita kaɗai saboda taurin kaina, ko da yake ka san ina da gaskiya." Mutane suka yi dariya, shi kuwa ya ci gaba. "Ka ba ta hutu mai daɗi. Ka bar mini ita."

Velma ta ratsa ta cikin kujeru da gudu kamar yarinya, ta kama hannunsa tana kuka tana dariya. Coci daban-daban suke zuwa, kuma rabon da su ce amin tare tun ranar da aka binne mahaifinsu.