Ƙarnin Kifi a Kwat ɗin Baba

Matar yayana tana da hanci irin na kyanwa, kuma ban taɓa ganin ta yi alheri da shi ba. Daga falonta take sanin an ƙona shinkafa a gidan maƙwabta. Ta san in mai aiki ta taɓa man gashinta, ta san direban da ya karya kumallo da albasa. Allah ne ya ba ta baiwa, ita kuma ta mai da ita sandar dukan mutane, kuma wanda ya fi shan sandar nan shi ne mahaifinmu.

Baba bandar kifi yake sayarwa a Taminus, cikin garin Jos, tun kafin babbar kasuwa ta ƙone. Kifin kan zo masa a kwali daga gefen tafkin Chadi, ya zauna ya shafe shi da man gyaɗa ɗaya bayan ɗaya har ya yi sheƙi. Da wuta ta cinye rumfarsa sai ya dawo bakin titi da faranti da lema, bai fasa ba. Saboda sanyin Jos yana da wani kwat na gwanjo, ruwan toka, mai kauri, wanda ba ya rabuwa da shi rani da damina. Kwat ɗin nan ya sha hayaƙin banda da ƙarni, ga goro a aljihu, ga man zafin da yake murza wa gwiwoyinsa. Ina ƙarama, kafin ya yi sallama na san ya iso zaure. In ruga in cusa fuskata a cikin kwat ɗin, in ja numfashi har ƙirjina ya cika. Ni a wurina wannan shi ne ƙanshin uba, ban san wani ba.

Da kifin nan Yaya ya yi karatu har ya samu babban aiki da gida a Rayfield, unguwar masu hali. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, gwiwoyin Baba suka ƙi, sai Yaya ya ɗauke shi ya kai gidansa. Na yi murna, don ni ɗaki biyu nake haya a Jos Jarawa, da keken ɗinkina da yarana, mijina kuwa direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya.

Wata Juma'a na kai ziyara. Muna zaune a falo aka kira la'asar, Baba ya dafa sanda ya fita alwala. Ko labule bai gama komawa ba sai ga matar gidan da kaskon turaren wuta. Ta ɗaga matashin kujerar da ya tashi a kai, ta kara shi a hayaƙi gaba da baya, ta bi hannun kujerar, ta bi har inda ya ajiye ƙafa. Mu dai abin da muka sani, baƙo ake kawo wa turare yana zaune, don a girmama shi. Turaren da ake bin sawun mutum da shi bayan ya tashi kora ce.

Na ce, "Anti, me kike yi haka?"

"Baƙi zan yi anjima. Ke ba kya ji ne? Duk labulena ya kama ƙarni."

"Ubanmu ne fa ya tashi daga wurin nan."

"Na ce ba ubanku ba ne? Ni dai kwat ɗin nan, ko a ƙona shi, ko su koma ɗakin baya tare."

Ɗakin bayan da take nufi shi ne na kusa da janareta. Na juya zan ba ta amsar da ta dace da ita, sai na ga Baba tsaye a bakin ƙofa. Ashe carbinsa ya manta ya dawo ɗauka. Ya ɗauki abinsa ya fita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a lokacin tsufa ya riga ya kashe masa hanci. Ko miya aka zuba masa sai ya ce ba gishiri, komai ya zame masa lami. Ba shi da hanyar da zai gane ko gaskiya matar nan take faɗa. Da na same shi a kan dardumarsa ya jawo ni kusa, ya rage murya, ya ce, "'Yar nan, faɗa mini tsakani da Allah. Wari nake yi?" Daga baya mai aikinsu ta gaya mini ya daɗe yana shiga wanka safe da rana da yamma a cikin sanyin nan, yana dirzar jikinsa da soso har fata ta fara tsagewa.

Na je wa Yaya da maganar. Yana danna waya ya ce, "Ki yi haƙuri, kin san halinta." Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ranar ban jira kowa ba, na tare tasi, na ɗauko Baba da kwat ɗinsa da buta da darduma. Na ba shi ɗakin da nake ɗinki, ina taka keke yana kishingiɗe a gefe yana ba ni labarin kasuwa. A ɗakin nan ya yi sauran kwanakinsa, kuma a nan ya cika, wata safiya bayan ya sha kunu.

Mata suka taru za a wanke kayan mamaci a yi sadaka da su, kamar yadda aka saba. Na ba su komai, amma kwat ɗin na tura shi ƙarƙashin atamfofin mutane. Da 'yan zaman makoki suka watse na kulle ƙofa, na ciro shi, na cusa fuskata kamar da. Ban ji komai ba. Na shinshina wuyan, na shinshina aljihun, na juya shi ciki waje. Tsumma ne kawai mai kauri. Hankalina ya tashi, na fito tsakar gida ina faɗa, ina rantsuwa wata mai shisshigi ta wanke mini shi a ɓoye.

Maƙwabciyata ce ta riƙe ni. Tsohuwar nas ce, 'yar asalin tsaunukan nan na Jos, ta yi ritaya tana kiwon kaji a bayan gida. Ita ce ma take zuwa auna wa Baba jini in ta dawo daga coci. Ta zaunar da ni a kan benci.

Ta ce da irin Hausarta, "Maman yara, ba wanda ya wanke. Hancinka ne ya gaji. Kowane abu yana sake ƙanana-ƙananan abu cikin iska, ido ba ya gani. In ka ja numfashi, suna manne can sama cikin hanci, wurin da yake da danshi, daga nan saƙo ya tafi kai, kusa da inda tunanin da yake zama. Shi ya sa in ka ji ƙanshi, sai mutum ya faɗo maka gaba ɗaya. Amma hanci kamar maigadi ne, baƙo kawai yake wa ihu. Ɗan gida yana wucewa, ba ya ɗaga kai. Ni ina jin warin kajina? Ka zauna da Baba ɗaki ɗaya, ya zama ɗan gida."

Na ji ta ne kawai. A raina na ce lallashi ne irin na ma'aikatan asibiti.

Ranar sadakar arba'in sai ga matar Yaya, ta sha leshi, direba na biye da ita da kulolin abinci. Na daɗe ina tanadar mata maganganu, na jera su tsaf a bakina. Ta ɗaga labulen ɗakin Baba za ta ajiye jaka, sai ta ja da baya, ta kai gefen mayafi hanci.

"Wai har yanzu ba ku yi wa ɗakin nan turare ba? Wallahi kamar yanzu ya tashi."

Duk abin da na tanada ya zube. Na damƙi hannunta, na ce, "Me kike ji?"

"Sake ni mana! Kifi, me zan ji? Hayaƙi. Da man zafin nan nasa." Ta ƙara jan iska tana yatsina fuska. "Har da goro."

Ba ta bar ko ɗaya ba. Ta lissafa mini ubana kaf, a tsaye, tana toshe hanci. Ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsane ta a wannan lokacin ba. Ni da na yi jinyarsa ina neman sa ido rufe ban samu ba, ita da ta kore shi ga shi ya cika mata hanci har tana ƙyama.

Sai na ga ta zuge jaka ta ciro kwalbar turaren fesawa. Na fizge kwalbar na wurga ta tsakar gida, ta fashe a gaban mata. Na ce, "In kika fesa wani abu a ɗakin nan, sai dai a raba mu." Yaya ya leƙo daga waje yana cewa a ji tsoron Allah, ranar addu'a ce. Na ce masa ya ɗauki matarsa da kulolinta, mu kunu ya ishe mu.

Washegari na fitar da keken ɗinki zuwa baranda. Na rataye kwat ɗin a ƙusa, na rufe taga, na sa wa ƙofar kwaɗo, na koma ɗaya ɗakin da yara. Na daure ban shiga ba har damina ta ja baya. Ranar da na buɗe, Baba ya tare ni tun daga bakin ƙofa, hayaƙi da ƙarni da goro, har na ji kamar zai yi gyaran murya. Na durƙusa a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kafin in share hawaye hancina ya sake sabawa, ɗakin ya koma ɗaki.

Tun daga nan jefi-jefi nake shiga, in ja numfashi kaɗan in fito da sauri. Duk shiga sai na ji ya ragu. Maƙwabciyata ta ce haka abin yake, abin da ke tashi daga tufa yana ƙarewa, ba a mayar da shi.

Matar Yaya ba ta sake tako gidana ba, ni ma ban nemi sulhu ba, kuma ban yafe ba. Sai dai na san ranar da zan buɗe ƙofar nan in ji shiru tana zuwa, kuma a duk faɗin Jos hanci ɗaya ne zai iya gaya mini ko da sauran Baba a ciki. Lambarta tana nan a wayata, ban goge ba.