Zabbin Duwayan

Shekara shida ke nan cif da rasuwar taubashina Nomau, wanda ɗaliban jami'a ke kira Duwayan. Ni Arzika ne na Karofane, arzikin kuwa a suna ya tsaya. Shekara biyu na yi a lakkwal, makarantar boko, mushe, wato malaminmu, ya ce ma babana kaina ya fi dacewa da ɗaukar tulu. Sai da gemuna ya yi fari na koma karatun manya, don haka in kun ga baƙi ya karkace cikin rubutun nan ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake tahiya.

Nomau ɗan goggona ne. Tun muna yara nike ce mishi bawana, shi ma shina ce mini bawanshi, har ya mutu ba mu raba gardamar ba. Da ƙuruciya ya yi aikin gyaran ƙasa a duwatsun Keita, ya jera dutse har tafin hannunshi ya koma kamar bayan kunkuru. Can ya ƙware da tassa, ramukan nan da ake ginawa a fako, a zuba taki, ruwan sama shi taru ciki, hatsi shi fito inda ko ƙaya ba ta fita. Sai wata damina ƙorama ta sake hanya ta cinye gonarshi ta gado, ta bar mishi wani ɗan fako a gefe. Rani na zagayowa matarshi ta rasu, ba su kuwa da ɗa rayayye. Ya ce za shi cin rani. Shekara biyar ba mu ji ɗuriyarshi ba.

Wata ranar kasuwar Buza, damina ta yi nisa, wani shofer, direban mota, ya tare ni ya ce ya ga Nomau da idonshi a birni, a jami'a, kuma kowa Duwayan yake ce mishi. Ni na ɗauka doya yake saidawa. Na biya wurin diraktan lakkwal ɗinmu na tambaye shi ma'anar kalmar, ya ce ai duwayan shi ne shugaban manyan malamai, mai biro, wato ofis, da mota. Ban tsaya tambayar kaina yadda mutumin da bai san bambancin baƙi da tafin kaza ba zai shugabanci malamai ba. Kafin la'asar na gaya ma Karofane kaf. Waɗansu sunka yi dariya, na ce hassada ce. Na ari babbar rigar ladan, na kama zabbi biyu masu ƙiba, na hau mota.

A ƙofar jami'a na ce ma mai gadi Duwayan nike nema. Ya dubi rigar, ya nuna mini wani bene. A sama na iske ɗalibai kusan goma zaune a ƙasa bakin wata ƙofa, fuskokinsu a ɗaure. Na ratsa su da zabbina. Sakatare ta ce Duwayan ba ya ganin kowa yau, in dawo gobe. Na gyara wuyan riga na ce mata:

"Ɗiyata, shiga ki ce mishi ubangidanshi ya iso daga ƙauye. Bawan shi taso shi karɓi kaya."

Ta dube ni, ta dubi zabbin. Yarinyar kirki ce mai tarbiyya, ta san ba mai kiran babban mutum bawa a bainar jama'a sai taubashi. Ta buɗe mini ƙofa da hannu biyu.

Sanyin ɗakin ya fara dukana. Bayan tebur wani mutum ne mai tabarau, bai kai Nomau shekaru ba, bai kai shi baƙi ba, kuma haƙoranshi a cike suke. Amma na riga na aje zabbin gindin tebur, bakina kuma ya riga ya ce, "Bawa, ka yi ƙiba." Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya ce Baba daga ina. Na ce daga Karofane, ina Nomau? Ya ce wane Nomau? Na ɗaga murya na ce Nomau Duwayan mana, mai tassa. Sai na ji dariya ta ɓarke a bakin ƙofa, wadda sakatare ta manta ba ta rufe ba.

Wata ɗaliba ta taso daga cikin masu zaman, siririya, da ƙasa a gefen zanenta. Rakiya sunanta, ɗiyar Tabotaki, tana karatun noma. Ta ce mini, da muryar da ake gaya ma tsoho maganar da ba za ta yi mishi daɗi ba, Duwayan biyu ne a nan. Akwai na biro. Akwai kuma wanda ɗalibai sunka raɗa ma sunan, don a wurinsu duk wanda ya fi kowa daɗewa a jami'a shi ne duwayan, Nomau kuwa ya riga har masu maimaita aji zuwa. Ba shi da biro. Ba shi da ɗaki ma. Gindin wani itacen bedi yake kwana bayan sashen noma, shi da waɗansu mutum huɗu da ba su da wurin zuwa. Kuma takardar da ke kan teburin nan, wadda ake jira a sa ma hannu, ta ce kafin Litinin duk su bar harabar. Kwana uku ke nan ɗaliban na zaman jiran a ba su izinin shiga su yi magana.

Ban taɓa jin nauyin riga kamar ranar ba. Na so in tuɓe ta nan take in miƙa ma ladan daga nesa.

Duwayan na biro, Allah shi saka mishi, bai kira mai gadi ba. Ya cire tabarau ya yi dariya har ya share ido, sa'an nan ya ce tunda na kira shi bawa gaban sakatarenshi, ba shi da zaɓi sai shi bi ubangidanshi. Munka sauka, ni gaba, shi a baya, ɗalibai na biye.

A hanya Rakiya ta ba mu labari, ba ta kuwa wanke 'yan'uwanta ba. Ta ce da farko sunan ba'a ne. Waɗansu na ce mishi mahaukaci don shina gina ramuka a fakon da ake zubar da shara, waɗansu in waya ta ɓace sai su nuna gindin bedi. Wata rana wani ya ga tsohon na wanke kwanonin da ɗalibai sunka watsar bakin famfo, shina jera su, ba wanda ya sa shi. Daga nan wani ya fara rage mishi shinkafa. Sannu a hankali ɗakuna sunka raba kwanaki, yau wannan ɗaki ke ba da tiken resto, wato takardar cin abincin ɗalibai, gobe wancan, har ya ishi su biyar. Ta ce har ranar akwai masu cewa jami'a ba gidan marayu ba ce, kuma a taron da sunka yi an yi ta musu kafin masu son a bar su su rinjaya.

Da munka zagaya bayan ginin na tsaya cik. Fako ne ja, mai ƙyalli, irin wanda in ka sara da gatari sai wuta ta tashi. A tsakiyarshi hatsi ya fi ni tsawo, ya yi kai, shina rangaji. Gefe guda kuma ga wata 'yar gona mai allo da lambobi, hatsinta ko gwiwa bai kai ba. Wannan ta ɗalibai ce, ta gwaji.

Nomau na zaune kan kwali, tabarmarshi a naɗe a reshe. Ya rame, ya yi furfura. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ni kuwa hawaye sun cika mini ido. Abin da ya fara fitowa bakinshi shi ne:

"Bawana, wa ya mutu ka gaji rigarshi?"

Duwayan na biro ya tsuguna bakin rami guda, ya tambaye shi mi ya sa nashi ya yi, na ɗalibai bai yi ba, alhali duk tassa ce. Nomau ya ce yaran sun auna zurfi da faɗi daidai, ya ga igiyarsu. Amma ƙasar da sunka fidda sun tara ta ta sama, ta inda ruwa ke gangarowa, sun toshe mishi ƙofa. Ita ta ƙasa ake tara ta, ruwa in ya zo shi iske bango shi zauna. Kuma sun jira sai da anka yi ruwa sunka sa taki. Shi tun da rani yake sawa, gara ta zo ta ci, ta huda mishi ƙasa kyauta. Ya ce ya gaya ma Rakiya haka, ita da ƙawayenta sun gyara layi biyu. Munka duba, layi biyun nan kuwa sun fi sauran.

Mutumin ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya ce dokar ba shi ya yi ta ba, kuma a fili take: ba mai kwana cikin haraba sai ɗalibi, ko malami, ko ma'aikaci. Rakiya ta ce:

"To Mushe, cikin ukun nan wanne ne bai zama ba? Shara ya kwashe ya yi gona. Mu kuma abin da munka sani na tassa a bakinshi munka ji."

Ya ce zai nemi a ɗauki Nomau mai gadin gonar gwaji, da ɗan ɗakin da ake aje kayan aiki. Ni har na fara godiya da hannu biyu. Nomau ya girgiza kai. Ya ce su biyar ne gindin bedin, ruwa in ya sauko tare yake dukansu, ba zai shiga ɗaki shi bar su ba. Na ja hannun rigarshi na ce kai bawa, ana ba ka kana ciniki? Ya ce in yi shiru, manya na magana.

Nan ɗaliban sunka fito da abin da sunka zauna kwana uku don su faɗa. A ba su gefen gonar, wajen shinge, su buga tubali da hannunsu ranakun Asabar su gina ɗaki biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata. Abin da suke roƙo kawai kada a sa hannu a takardar kafin su gama. Duwayan na biro ya ce wannan ya fi ƙarfinshi shi kaɗai, sai ya hau sama. Amma ya ce alƙalaminshi ya ɓace, kuma ba ya jin zai gan shi kafin kaka.

Litinin ta zo ta wuce. Na zauna sati uku ina taya su kwaɓa ƙasa, ko in ce ina ba da umarni daga inuwa. Na ga 'ya'yan manya da ba su taɓa riƙe felun kwasar ƙasa ba hannuwansu sun yi bororo. Ɗaya daga cikin biyar ɗin bai yarda da kowa ba, ya naɗe tabarmarshi ya tahi tun ba a kai ga rufi ba, ba a sake ganinshi ba, Nomau kuma bai daina ambatonshi ba. Sauran sun shiga ɗaki kafin sanyi.

Da na koma Karofane anka tare ni ana tambaya. Na ce Duwayan ne, na gan shi, malamai na tsugunawa gabanshi. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, amma ba wanda ya yarda da ni, don sun san ni. Shekara huɗu Nomau ya ƙara a can. Ranar da Allah ya karɓi abinshi, babbar motar jami'a ce ta shigo garinmu da gawarshi, cike da ɗalibai, har da na biro da tabaranshi. Su sunka ɗauki makara. Bayan kwana uku, kafin su juya, sunka je ɗan fakon da ƙorama ta bar mishi sunka gina tassa tun daga wannan gefe har wancan, ƙasa duk ta ƙasa. Ladan ya matso kusa da ni ya ce ashe rigarshi ba ta yi tahiyar banza ba.

Nikan tambayi kaina mi zai ce da ya ga yau. Rakiya yanzu ita ke yawo da babur tsakanin Dewule da Madawa tana nuna ma manoma tassa, tsofaffi na ce mata malama. Ɗalibai na ɗaukar ramuka hoto da waya, na san zai ce su aje wayar su ɗauki hauya. Ɗakunan sun zama huɗu, ɗaliban da ba su taɓa ganinshi ba na kiran wurin gidan Duwayan, kuma har yanzu ɗakunan kwana na raba kwanakin tike. Amma bara na ga mutum biyu kwance bakin shinge, wuri ya cika. Wannan ba zai yi mishi daɗi ba, kuma zai ce a buga tubali.

Bai bar ɗa ba, bai bar rumbu ba. Ya bar fako biyu da ke ba da hatsi, da yaran da sunka koyi tambayar sunan mutum kafin su kira mai gadi. Ya kuma bar mini gori. Har ya mutu, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa bawanshi ya ɗauko mishi zabbi tun daga Karofane ya kai ma wani ƙato mai tabarau. Shi ya sa kowace kaka nikan kama biyu masu ƙiba in hau mota. Ba na aron riga, ba na tambayar mai gadi. Nikan wuce benen in zagaya baya, in miƙa ma duk wanda na iske a ƙofar, in ce mishi ga saƙon Duwayan, ya makara a hanya.