Alhudahudan Gidan Takaba

Shekarar da na bar aikin koyarwa, zama ya ƙi ni. Na saba da fita tun sassafe, na saba da hayaniyar ƴan lakwal, ƴan makaranta, suna Mushe, Mushe, yadda ake kiran malami a nan, sai ga ni a tsakar gida a Tawa ba abin yi sai kallon awaki. In zauna a tabarma, in tashi, in leƙa zaure, in dawo. Matata ta ce ko kazar da ke neman wurin yin ƙwai ta fi ni natsuwa. Don in samar wa kaina abin yi na kakkaɓe tsohuwar kyamarata, na je kasuwa wajen wani mai sayar da kayan da ake kawowa daga Aljeriya, na saya mata dogon gilashi na jawo nesa, irin mai araha.

Jikinsa duk roba ne, ba shi da nauyi, ana iya yini da shi a wuya. Amma yana da halinsa. Idan haske bai isa ba sai ya yi ta kai da komowa yana ƙugi, kafin ya tsaya tsuntsu ya yi gaba. Ba ya aiki sai rana ta take sosai, kuma nesan da yake jawowa ba wani nesa ba ne, dole mutum ya matsa da ƙafarsa. Na ajiye kasko da ruwa a gindin garu. Kurciyoyi suka fara zuwa, sai tsada, sai gwara, sai ƴan jajayen nan da ake kira baiwar Allah. Kafin ɗari ya wuce na ɗauke su gaba da baya har na gaji da su, ƙaiƙayin ƙafa ya dawo mini.

Wani lokaci nakan kafa tsani in hau soron madafarmu, saboda hasbiyoyi. A unguwarmu namiji ba ya hawa soro haka kawai, don daga sama ana hangen tsakar gidan mutane. Sai ka tsaya a gindin tsani ka ɗaga murya ka ce: salamu alaikum masu gida, za a hau bisa. Mata su kimtsa ko su shige ɗaki, sannan ka hau. In ka sauko kuma ka faɗa. Ni mutumin Damagaram ne, aiki ya kawo ni Adar na zauna, kuma baƙo ba ya wasa da irin wannan ko ya shekara nawa.

Gidan da ke manne da madafarmu na wani tsohon direban babbar mota ne, shi da matarsa su biyu, ƴaƴansu maza duk suna ci-rani a Abijan. Mutum ne mai barkwanci. In na yi sallama yakan amsa ta bayan garu ya ce in hau, amma in na faɗo in sani ba shi da motar kai ni asibiti yanzu. A ƙarshen ɗarin nan ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Aka yi zaman makoki, ƴaƴan suka bugo waya, ɗaya ya zo ya koma, matar ta shiga takaba ita kaɗai a gidan.

Da bazara ta kama na fara jin wani kuka da hantsi, hud-hud-hud, daga wajen dogon yaron da ke tsakar gidansu. Wata rana na gan shi ya gifta ta kan garu, fukafukai masu zanen baƙi da fari, da tsutsa a baki. Alhudahuda ne. Tun ina yaro nake jin labarinsa a bakin malamai, amma ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Ya yi sheƙa a wani kogo a jikin itacen, kuma bakin kogon ba a ganinsa sai daga kan soronmu. Nan take na ci alwashin sai na ɗauke shi a bakin kogon, tukkunsa a buɗe, kafin ƴaƴansa su yi fiffike a watse. Na daina cin abinci a zaune.

Matsalar ita ce sallama. Da na buɗe baki a gindin tsani, sai in ji fir, ya tashi. Daga can gidan ba mai amsawa yanzu, sai dai in ji takun takalmi a hankali, sannan ƙarar ƙyauren kwano an jawo shi. Wannan ƙarar ita ce izinina. In hau, in tarar da reshe ba kowa, in tsuguna a kan soron da ya fara ɗaukar zafi, gumi na shiga mini ido. Tsuntsun nan in ya tsorata yakan daɗe bai dawo ba, ni kuwa ba ni da haƙurin jira. In ya dawo ma sai ya shige kogo kamar walƙiya, gilashina na can yana ƙugi yana neman inda zai tsaya. Hotunan da na tara a lokacin, in ba ganye ba, to, wutsiya ce.

Na gwada rage murya. Matata, wadda Ba'adara ce ta asali, ta leƙo daga madafa ta ce sallamar da ba a ji ba ai ba sallama ba ce, in sake. Na gwada hawa tun da duku-duku, in jira a sama, amma a wannan hasken gilashin ba ya ganin komai, kuma kafin rana ta take ƙafafuna sun yi tsami na sauko. Na yi fushi da gilashin, na yi fushi da mai kayan Aljeriya, har tsuntsun ma na yi fushi da shi.

Sai matata ta ƙara mini wata damuwar. Ta ce ko na san ɗakin da maƙwabciyarmu ke shigewa rufin kwano ne? Marigayin ne ya sa aka yi shi da kuɗin da yaran suka aiko, yana ta alfahari da shi, amma da bazara ba a iya zama a ciki da rana. Inuwar dogon yaron nan ita ce kawai wurin shan iskarta, kuma daidai lokacin da gilashina ke son haske, lokacin ne take shimfiɗa tabarma a gindinsa. Ashe ni ke korarta cikin zafi. Na kwana biyu ban taɓa tsani ba, ina zagaya tsakar gida ina jin hud-hud ta bayan garu kamar da gangan yake yi mini.

A rana ta uku dabara ta zo mini, har na yi mamakin yadda ban tuna da ita tun farko ba. Ai ba dole sai da murya ba, ana iya aikawa. Na ce wa matata ta zagaya ta gaya mata a hankali cewa zan riƙa hawa da hantsi na ɗan lokaci kaɗan, ba tare da kira ba. Ba sai ta shiga ɗaki ba, ta koma ɗaya gefen itacen inda ba na hange, ni kuma idona ba zai sauka daga reshe ba. Ita ta tsira da inuwarta, ni in samu tsuntsuna. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Matata ta daɗe a can. Ina ta leƙen zaure. Da ta dawo ta sha ruwa ta zauna a kan turmi. Ta ce ta isar da saƙo, kuma tsohuwar ta fara tambaya ne ko lafiyata ƙalau, don kwana biyu ba ta ji ni ba.

"To, dabarar fa?" na ce.

"Ba ta yarda ba. Ta ce in ce ma Mushe shi riƙa yin sallamatai da ƙarhi kamar da. Ta ce tun da anka yi sadakar arba'in mutane sunka ɗauke ƙahwa, ba wanda ka ce ma gidanga masu gida sai kai."

Na tambaya zafin ɗakin fa. Matata ta ce ita ma ta tambaya, tsohuwar ta ce zafi ba komai ba ne, in ta ji kiran takan tashi ta gyara lulluɓi ta jawo ƙyaure, ta ji kamar har yanzu gida ne mai mutane.

Ba zan ɓoye ba, abu biyu na ji a lokaci guda. Tausayinta ya kama ni, kuma haushi ya kama ni, don na san hoton ya tafi ke nan. Washegari da hantsi na tsaya a gindin tsani, ina jin motsin tsuntsun a reshe, na cika ƙirji na yi sallama yadda har unguwa ta ji. Ya tashi, ƙyaure ya yi ƙara, na hau. Ban daɗe ba na sauko na ce an sauka, don ta fito ta sha iska.

Haka muka ƙarasa bazarar. Akwai ranakun da ba na son hawan ko kaɗan, gwiwa na ciwo, rana kamar wuta, amma in hantsi ya yi sai matata ta dube ni ta dubi tsani. Kyamarar na wuyana kullum, don rai ba ya daina sa rai. Ƴaƴan alhudahudan suka fara leƙo da kai daga kogo, ina ganinsu suna girma, ina lissafin saura ƙiris su tafi, ina ta ƙuna a zuci.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas lokacin da ta fita takaba. Ƙannenta biyu suka zo daga Afala da motar haya, suka ce ba za su bar ta ita kaɗai a birni ba. Aka fitar da gado da randuna da akwati. Ta shigo ta yi ban kwana da matata, ni kuma muka gaisa a zaure, ta sa mini albarka ba tare da ta ambaci soro ko tsuntsu ba. Aka sa wa ƙofar gidan kwaɗo.

Washegari da hantsi na kafa tsani na hau shiru. Rana ta take, iska ba ta motsi. Alhudahudan ya sauka a bakin kogo da fara a baki, ya juyo ya dube ni, ya buɗe tukkunsa gaba ɗaya, ya tsaya. Gilashin bai ko yi ƙugi ba. Na ɗauka, na sake ɗauka, har na gaji don kaina. A ƙasa tsakar gidan a share take, ba tabarma, ba buta.

Na sauko na miƙa wa matata kyamarar. Hoton ya fito tas, ana ganin kowane gashi, gilashin nan bai taɓa yi mini kamarsa ba. Ta dube shi da kyau, ta ce ya yi kyau. Sannan ta ce ba ta ji sallamata ba yau. Na ce mata ai ba kowa a gidan. Ta miƙo mini kyamarar ta koma madafa, ni kuma na zauna a matakin tsani na ƙasa da ita a cinyata, na rasa abin da zan yi da sauran ranar.