Kunnen Yaya

Maigidana ya gaji da ni a kan maganar nan. Duk sanda na ɗauki waya zan kalli fim, sai in kashe murya, in bar rubutun da ke fitowa a ƙasa, ina bi da ido. Ya ce, "Haba Malama, fim ɗin Hausa ne fa! Ki kashe Hausar da kike ji, ki zauna kina karanta Turancin da shi kansa mai rubutawar bai gama iyawa ba?" Sai in ce masa kowa da irin kallonsa, ya ƙyale ni.

Wata rana a ofishin malamai, a firamaren da nake koyarwa a nan Batsari, hira ta kai mu kan wannan rubutu. Wata ta ce ita saboda jaririnta take kashe murya. Wani ya ce Turanci yake tsinta a ciki. Wani kuma gidansa jikin injin niƙa yake, ko ya ƙure murya ba ya ji. Malamin lissafi, wanda ba ya rabuwa da gem a waya, ya ce shi idan bai karanta ba, ba ya sanin inda aka aike shi a cikin wasan. Da aka zo kaina na ce ni ma jariri ne. Ƙarya na yi, ba ni da goyo a lokacin, kuma duk sun sani. Dalilina Yayata ce, kuma ban iya faɗinsa a gaban mutane ana shan shayi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Safana, gaba da Zakka kaɗan. Yaya ta girme ni da shekara bakwai. Sanƙarau ya shiga gidan aurenta a wata bazara, ya ɗauke mijinta, ita kuma ta tashi amma kunnuwa biyu sun tafi. Ta dawo gidan Baba tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Maganarta ras, sai dai ba ta san ƙarfin muryarta ba. Za ta ce za ta gaya miki sirri, sai na bakin rijiya su ji. Mu 'yan gida takan gane mu idan ta dubi bakinmu, baƙo kuwa sai an rubuta mata, don ta gama firamare, tana karanta Hausa da kyau.

Mace ce mai son fim tun kunnenta na nan. Bayan ciwon, sai ta zauna da tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi, tana kallon mutane suna motsa baki. Rubutun ƙasan ba ya amfana mata komai, Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Wannan abu har yau yana ba ni haushi. Bahaushe ya yi fim da Hausa, ya tuna da Bature a rubutun ƙasa, ya manta da Bahaushiyar da ba ta ji.

Ina kwalejin koyon malanta a lokacin. Da na zo hutu na same ta tana share hawaye a kan wayar, ba don fim ɗin ya ba ta tausayi ba, don ba ta san me ake cewa ba. Sai na ɗauko sabon littafin rubutu, na kanga wayar a kunne, in saurara, in tsayar, in rubuta. A gefen kowane layi in sa lambar mintin da waya ta nuna. Kwana uku na yi a fim ɗaya, yatsuna har sun yi tsami. Na miƙa mata ina jiran godiya.

Ba a yi rabin awa ba ta biyo ni madafi da littafin.

"Malama, wannan aikin banza kika yi."

Ta buɗe wani shafi ta nuna min.

"Nan wurin, matar tana zaune lafiya lau, sai ta zabura. Me ya same ta?"

Na ce, "Ƙofa aka buga."

"To ina kika rubuta? Ni zan ji ƙofar?"

Wallahi na ji kunya. Ni da nake zagin masu fim, ashe tafiyarmu ɗaya. Daga ranar na fara rubuta mata duk abin da kunne ke ɗauka. An buga ƙofa sau uku. Zakara ya yi cara. Kiɗa mai sanyi ya fara. Yana dariya amma muryarsa na rawa. Sai a lokacin na san yawan abin da mutum yake ji bai san yana ji ba.

Ita kuma ta samo jan biro, wai tunda ni malama ce, ita ce mai duba malamai. Duk inda wani abu ya shige mata duhu, sai ta rubuta tambaya a gefen shafi. "Me ya sa duk suka waiga?" "Waƙar ta me ce?" "Tsohon nan tari yake ko magana?" Idan na zauna sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, in rubuta amsa a ƙarƙashi da baƙin biro. Ba ta yarda in gaya mata da baki, sai dai a rubuce, wai don in ta sake kallo ba sai ta neme ni ba. Wurin zamanta bayan rumbun gero ne, inda inuwa take kuma rana ba ta haske gilashin. Littafi a cinya, babban yatsa a kan wurin tsayarwa. Mun cika littafi shida a haka.

A shekarun ne mutanen daji, 'yan bindiga, suka fara shigowa ƙasarmu. Wanda bai zauna a can ba ba zai gane yadda kunne ya zama komai ba. Baba ya hana ƙure rediyo. Mata na daka, sai a ga sun tsaya cak, taɓarya a sama, ana saurare. Babur ɗaya ɗan acaba ne. Biyu ma ba komai. Idan suka yi yawa, ƙarar takan haɗe ta zama ɗaya, tana tahowa ta ƙasa. Wanda ya ji da wuri ya faɗa cikin gero ya tsira. Yaya kuwa ko a bayan katanga suke ba za ta sani ba.

Sai Baba ya kafa doka. Kullum dole a samu mutum ɗaya da zai zama kunnen Yaya, ba zai yi nisa da ita ba, in an ji abu shi zai ja zanenta sau biyu su ruga tare. Don kada a yi na zata ke ce, Inna ta cire warwaronta guda na farin ƙarfe. Wanda yake kunne, warwaron na hannunsa. In zai fita, ba a faɗa da baki, sai ya cire ya sa wa wani da hannunsa. Kowace safiya bayan an sha koko Baba zai ce, "Yau wa ke kunne?" Mai warwaro ya ɗaga hannu. Yaya ba ta son abin ko kaɗan. Takan ce, "Kun mai da ni akuya, har da mai kiwo." Amma ta san gaskiyarsa, ba ta taɓa bijirewa ba. Idan ina gida hutu, kusan kullum ni ce, tunda dama tare muke wuni a bayan rumbu.

Cikin damina ne, gero ya fi mutum tsawo. Mun gama wani fim da aka yanke a daidai inda aka sace jaririya, kashi na biyu ba ya kan katin wayar. Yaya ta dame ni kwana biyu.

"Malama, ki taimaka ki je Safana a turo mana. Wallahi yarinyar nan ta hana ni sukuni."

Da hantsi sai ga a-kori-kurar da ke kai buhuna Safana ta tsaya a bakin hanya, direba na danna oda. Na zari mayafi da wayata. Inna na surfe a tsakar gida, ta ba ni baya. Na ɗaga murya daga zaure na ce, "Inna, na tafi Safana, ki kula da Yaya!" Na ga kanta ya sunkuya, na ɗauka amsawa ta yi. Ashe taɓarya take bi.

Sai da na isa shagon masu tura fim, na miƙa hannu zan ba da waya, warwaron ya zamo ya bugi katakon teburin. Na dube shi. Sai na ce a raina ai awa biyu ne, yanzu zan koma. Har na tsaya ana tura min wasu finafinai biyu bayan wanda na zo nema. Wannan tsayuwar ita ce ba na yafe wa kaina.

Kafin azahar labari ya iso tasha cewa mutanen daji sun shiga ƙauyenmu. Masu mota suka ƙi hanyarmu. Sai da la'asar na samu wani ɗan acaba ya yarda ya kai ni. Na tarar da mutane suna fitowa daga gonaki, jikinsu duk ƙaiƙayi da taɓo. Inna na zaune a ƙofar gida. Da ta gan ni ni kaɗai sai ta miƙe, tana leƙa bayana.

"Ina Yayarki?"

Ta dubi hannuna.

Ta ce da ta ji ƙarar, ta duba hannunta ba warwaro, ta san yana wurina, ta san kuma in dai yana wurina to muna tare. Ta ruga tana gode wa Allah da ya sa mai ƙafa ce ke riƙe da Yaya. Baba yana gona tun safe. Ba wanda ya leƙa bayan rumbu. Inna ba ta zage ni ba, ba ta taɓa zagina a kan wannan ba har ta koma ga Allah. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Mutanen dajin sun kora shanu, sun tafi da mata, har da Yaya. Bayan an yi girbi wasu suka dawo. A cikinsu akwai maƙwabciyarmu Bafulatana da ke kawo mana nono, wadda aka kwashe garken mijinta a ranar. Ita ta zo ta zauna da Inna. Ta ce duk tafiyar tana riƙe da zanen Yaya. In aka ce a tsaya sai ta ja sau ɗaya, in aka ce a tafi ta ja sau biyu. Yaya na ta tambayarta da ƙarfi, "Me suke cewa?" ana daka mata tsawa, ita ba ta san ana yi ba. A wani rafi aka raba su gida biyu. Ta roƙa a bar su tare, ta ce matar nan ba ta ji, aka ture ta. Ta ce ta hango Yaya a ɗaya gaɓar tana duba bakin kowa. Iyakar abin da muka sani ke nan har yau. Ba mu yi zaman makoki ba, ba mu kuma daina jira ba.

A shekarar muka bar ƙauye muka dawo Batsari. Ranar da muke kwashe kaya na zagaya bayan rumbu, wurin da na kasa zuwa tun ranar. Tabarmarta na nan, gara ta ci rabi. Wayar babu. Littafin kuwa yana soke a ƙarƙashin rumbun, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, inda takan ajiye shi don kada akuya ta ci, jan biron a tsakiya. Ta sake kallon kashi na farko ne tana jirana. Ta kai minti na arba'in da ɗaya. A gefen shafin akwai tambayoyi biyu sababbi. Ta farko a kan fim ce, wai me mai gadin ya ce da ya juya baya. Ta biyu tana ƙasa da ita, rubutun a tsanake, ba alamar gaggawa.

"Kaji duk sun watse, ƙasa tana motsi a ƙafata. Malama, wace ƙara ake yi?"

Ta gama rubutawa, ta rufe littafin, ta adana shi inda zan samu. Ta san doka. In da abin gudu ne, da wani ya zo ya ja zanenta.

Shi ya sa ba na iya kallo da murya. Da na kunna sai in ji ina cin abin da aka hana ta. Nakan kashe, in bi rubutun, in ga wata ta zabura ban san dalili ba, in zauna da rashin sanin. Maigidana ya san ina da yaya da aka tafi da ita. Bai san zancen warwaro ba, yana ganinsa a hannuna ya ɗauka ado ne. Doka ta ce sai ka sa wa wani da hannunka, ni kuma ban ga wanda zan sa wa ba.

Tambayar mai gadin na amsa ta tuni. Na nemo fim ɗin, na saurari wurin sau ɗaya, na rubuta mata. Ta biyun ta fi shekara uku ba komai a ƙarƙashinta. Ran Juma'ar da ta wuce, bayan na dawo daga makaranta, na zauna da baƙin biro na rubuta, da manyan baƙaƙe yadda za ta gani da sauri:

"Babura ne, Yaya. Tashi ki gudu, ba na nan."